Gudun Shekara Talatin na Malam Isiyaku

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, da la'asar, ina cikin jirgin tram zan dawo Manchester daga Salford, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Alhaji Mumuni gabana ya faɗi, domin na san inda yake a wannan lokacin, na kuma san abin da ake yi a wurin. Alhaji Mumuni mutumin Gana ne, direban bas a Birmingham, kuma aminin Malam Isiyaku. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Malam ya faɗi a fili. Ambulance ta zo da wuri, amma rai ya yi halinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk wanda ya ji labarin nan ya yi mamaki, ban da ni. Dalilin rashin mamakin nawa shi ya hana ni sukuni, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Isiyaku malamin tarihi ne. Ya koyar a gida shekaru da dama kafin ya zo Ingila ƙaro ilimi, daga baya aiki ya riƙe shi. Iyalinsa suna Selly Oak a Birmingham, aikinsa kuma yana Manchester, saboda haka kwana uku a kowane mako yana kwana a ɗakin da ke kusa da nawa, a gidan hayarmu na Withington. Ni ɗalibin haɗa magunguna ne, ban taɓa zama a ajinsa ba. Amma shekara huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma ban san wani malami da ya koya mini abin da ya koya mini ba.

Abin da ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai shi ne wasanni da horon jiki a wurin mutanen Masar na dā da kuma Finikiyawa, 'yan kasuwar tekun nan da suka zauna a gaɓar da yau ake kira Lebanon. Da farko na raina abin, har na ce masa, "Malam, yanzu a rasa abin karantawa sai kokawar matattu?" Bai ji haushi ba. Ya ja hannuna zuwa bangon ɗakinsa, inda ya manna hoton wani zane daga kabarin wani hakimin Masar: layi-layi na 'yan kokawa bibbiyu, an yi wa ɗaya launi mai duhu, ɗaya mai haske, don a gane ƙafar wane ce ta shiga tsakanin ta wane. Ya nuna mini taɗiya, ya nuna mini kamun ƙugu. Sannan ya ce, "Nemo mini mai kabarin a cikinsu." Na duba ban gan shi ba. Ya ce, "Ba za ka gan shi ba. Shi kallo yake yi."

Daga bakinsa na ji cewa manyan Masar nasu wasan harbin baka ne daga kan keken doki, da farauta. Matuƙan kwale-kwale kuwa dukan juna suke yi da gora a kan kogin Nilu har wani ya faɗa ruwa. Finikiyawa su suka fi ba shi wahala, don ba su bar zane mai yawa ba. Yakan ce mutanen da suka tuƙa musu jirage daga wannan gaɓa zuwa waccan sun fi kowa ƙarfin kafaɗa a zamaninsu, amma ba wanda ya ga abin zanawa a jikinsu. Yana da wata magana da yake yawan maimaitawa: "Idan mai hali ya yi gumi, a ce wasa yake. Idan talaka ya yi, a ce aikinsa ne."

Sai da muka shekara tare na gane abin da ya kai shi wannan karatun. Wata Babbar Sallah aka kawo mana naman layya daga mayanka, muka tsaya a kansa kamar waɗanda aka ba jarrabawa. Malam ya naɗe hannun riga, ya karɓi wuƙa, kafin ruwan shayi ya tafasa ya raba ragon nan gaɓa-gaɓa. A lokacin ne na ga tsage-tsage a damtsensa na dama, irin na 'yan dambe. Ya ga ina kallo, ya yi murmushi. Ya ce ubansa mahauci ne, kakansa ma haka, kuma shi kansa ya naɗe hannu ya shiga fili tun yana saurayi, kafin boko ta ɗauke shi. Ni kuwa daga gidan sarauta na fito, ya san da haka. Tun daga ranar ya sa mini suna ɗan rumfa. "Ku ne kuke zaune a inuwa," in ji shi, "mu muna cin ƙasa a rana." Da wasa yake faɗa, amma ba duka ne wasa ba.

Saboda wannan ne ya ƙirƙiro wasan Sallah a wani fili kusa da gidansa a Selly Oak. Kowace shekara iyalan Gana da ɗaliban Najeriya sukan taru, a yi tsere, a yi jan igiya, a ci nama. Dokarsa ɗaya ce: kowane namiji sai ya tuɓe babbar riga ya shiga, babu kujerar manya. Na ga likita ya faɗi a ciyawa mai gadin kanti yana ɗaga shi suna dariya. Kuma kullum Malam ne yake buɗe taron, da zagaye filin sau ɗaya a guje.

A farkon wannan shekarar ya fara maganar gudun sarki. Ya ce a Masar ta dā, idan sarki ya cika shekara talatin a kan mulki, akwai bikin da yake yin gudu tsakanin alamomi a gaban jama'a, don a shaida cewa da sauran ƙarfinsa. Shi ma bana ya cika shekara talatin da fara koyarwa, saboda haka zai zagaye filin sau uku, kowace shekara goma zagaye ɗaya. Alhaji Mumuni ya ce masa, "Malam, a rasa wanda za a kwaikwaya sai Fir'auna?" Malam ya yi dariya ya ce ba wancan na Annabi Musa ba. Ya ƙara da cewa, "Sarki shi kaɗai yake gudu, don kada a ga wanda ya wuce shi. Ni ɗan mahauta ne, duk mai so ya biyo ni." Kowa ya yi dariya, amma ni maganar ba ta kwanta mini ba.

Na riga na fara ganin abubuwa. Benen gidanmu na Withington ba shi da tsawo, amma Malam ya fara tsayawa a tsakiyarsa yana duba waya, alhali wayar a kashe take. Idan muka fita zuwa tashar bas yakan dafe ƙirji ya ce yaji ne. Wata safiya na same shi zaune a bakin gado, gumi ya jiƙa masa riga, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Na matsa masa har ya je ya ga likita.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Sai a ranar na fahimci cewa da gangan ya yi rajistar likitansa da adireshinmu na Manchester, don kada wata takarda ta faɗa hannun matarsa, Hajiya Rabi. Ya miƙo mini ya ce in karanta masa, tunda fannina ne. Na karanta. An tura shi gwajin zuciya, an kuma rubuta ƙarara cewa ya guji duk wani aikin ƙarfi har sai an gan shi. Ba na buƙatar a yi mini bayani, na san abin da kalmomin nan suke nufi.

Na ce, "Malam, gudun nan babu shi."

Ya ce, "Ɗan rumfa, GP ne fa, likitan unguwa, komai sai sun ce a huta. Appointment ɗin gwajin ma sai bayan Sallah. In na gama gudun sai in je su duba abinsu."

"To, bari a gaya wa Hajiya."

Fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna ya riƙe gam, irin riƙon da ban taɓa ji ba. Ya ce, "Amana na ba ka. Ubana bai taɓa jin kiɗa ya zauna ba, ni ma ba za a ce na tara mutane na koma kujera ba. Kada Hajiyarku ta ji wannan daga bakinka."

Na ce na karɓa. An rene ni a gidan da ba a musu da babba, kuma ba a fasa amana. Sannan, in faɗi gaskiya, na ji tsoron in hana shi ya ce ɗan sarauta ne yake so ya zaunar da ɗan mahauta. Da waɗannan na rufe bakina, na kuma ɗauka ladabi nake yi.

Saura kwana biyar Sallah Hajiya Rabi ta kira ni. Ba ta saba kirana ba sai da dalili. Bayan mun gaisa ta ce, "Nasiru, kai kake ganinsa a can. Lafiyar Malaminka kuwa?" Takardar tana kan teburina, ina kallonta. Na ce, "Lafiya lau, Hajiya." Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Tunda kai ka faɗa."

Ban je wasan bana ba. Na ce ina da aiki a Salford, amma gaskiyar ita ce ba zan iya haɗa ido da ita ba. Alhaji Mumuni ya gaya mini cewa Malam ya gama zagaye biyu, maza kusan goma suna biye da shi, mata suna tafi. A tsakiyar na uku ya rage gudu, ya ɗaga hannu kamar mai gaisuwa, ya durƙusa. Da farko wasu sun zaci wasa yake yi.

Mun yi masa sutura a Birmingham. Ranar da na shiga yi wa Hajiya ta'aziyya, ɗakin cike da mata, ta dube ni ta ce, "Allah Ya yi masa rahama, bai yi jinya ba. Lafiyarsa lau, ga Nasiru nan shaida." Matan suka amsa da addu'a. Ni na sunkuyar da kai, na fita.

Da na koma Withington na tarar da wata sabuwar takarda a ƙofar gida da sunansa, an sa masa ranar gwajin, Talatar da za ta zo. Na haɗa ta da ta farko, na hau jirgin ƙasa na koma Selly Oak. Na sami Hajiya ita kaɗai a falo da carbi a hannu. Na durƙusa na ajiye takardun a gabanta, na faɗa mata komai, har da ƙaryar da na yi mata a waya.

Ta karanta su a hankali, ta ninke, ta ɗora a cinyarta. Sannan ta ce, "Na ga yana tsayawa a kan bene. Na ga ya daina ɗaukar kayan cefane da hannu ɗaya. Shekara ashirin da shida muna tare, na san ba zai faɗa mini ba ko zan kwana ina tambaya. Shi ya sa na kira ka. Kai na sa wa rai."

Na ce, "Ki yafe mini, Hajiya."

Ta ce, "Ajali ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannuna ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma da ka faɗa mini, da na tsaya a bakin ƙofa na ɓoye masa takalman. Ko bai ji ba, da na san na yi nawa." Ta share ido da gefen mayafi. "Na yafe maka, Nasiru. Amma nan gaba idan matar wani ta tambaye ka, ka gaya mata."

Na rubuta wannan da izininta. Malam Isiyaku mutum ne mai gaskiya da kyauta, bai taɓa bari a wulakanta ƙarami a gabansa ba, kuma ya sa mu da muka taso a inuwa mun san darajar waɗanda suke rana. Yana da taurin kai irin na mazan fili, ni kuma na taya shi da shiru. Hoton 'yan kokawar nan yana nan a bangon ɗakinsa, har yau ban iya cire shi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa ilimin da ya bari ya zama haske a gare shi. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu a ƙasar da ba tasu ba, Ka zama gatansu. Ka saka wa Alhaji Mumuni da duk waɗanda suka ɗauke shi daga filin nan da alheri. Ni kuma da aka tambaye ni na ce lafiya lau, ya Allah Ka gafarta mini. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.