Yumɓu da Yawun Inna

Abu na ƙarshe da na gani da idona shi ne fuskar Inna a sunkuye kaina, da tsinken kwalli a hannunta. Ina 'yar ƙarama lokacin, baƙon dauro ya shigo unguwarmu a Gummi yana bin yara gida-gida. Idona ya kumbura, kwantsa ta rufe shi. Inna ta yi abin da kowace uwa ke yi a zamanin: ta niƙa kwalli, ta haɗa da ruwan wani ganye, tana ɗura mani don kada ciwon ya kwanta a ido. Zazzaɓi ya sauka, ƙuraje suka bushe, gani kuwa bai dawo ba. Da Baba ya kai ni asibiti, ma'aikacin ya duba, ya tambaya da faɗa me aka zuba wa yarinyar nan. Inna tana bakin ƙofa ta ji. Tambayar nan ta goya har tsufanta.

Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a garin. Baba daga wajen Zuru ya zo neman fadamar shinkafa, ya zauna. Majami'armu ɗakin ƙasa ce mai rufin ciyawa, in ana ruwa kowa sai ya nemi inda ba ya yoyo. Ranar jibin Ubangiji ana zagayawa da gutsuren burodi da ruwan zoɓo, kuma mai wa'azi yakan ja kunne cewa wanda ya san yana da nauyi a zuci kada ya taɓa, don kada ya ci wa kansa hukunci. Ba wanda ya hana Inna. Ita ta hana kanta. Mutane suna zaton ana yi wa makaho ɓoyo, Allah Sarki! Ina jingine da ita, hannuna cikin nata, ina jin faranti ya zo, ya ɗan tsaya, ya wuce. Hannunta ba ya motsi, sai gumi a tafin.

Ni kuwa ban tashi abar tausayi ba. Na san hanyar rijiya, ina tsince tsakuwa daga shinkafa fiye da masu ido biyu, kuma ba a taka ni in yi shiru. Bafillatanar da ke kawo mana nono takan ce bakina ne ya cinye rabon idona. Kowa ya yi dariya, ban da Inna.

Wata Lahadi, ina tasowa budurwa, aka karanta labarin makahon nan na cikin Linjila. Almajirai suka tambayi Almasihu ko laifin wa ya jawo makantar, nasa ko na iyayensa. Ya ce musu ba na kowa ba ne. Sannan ya tofa yawu a ƙasa, ya kwaɓa, ya shafa masa a ido, ya aike shi ya wanke a tafki, mutumin ya dawo yana gani. Inna ta matse mani yatsu har suka yi ƙara. Na ce a raina, yau dai an sauke mata kaya. Ashe ni na ɗauki kan labarin, ita ta ɗauki wutsiyarsa.

Washegari da hantsi ta ja ni bakin gulbi, nesa da inda masunta ke ɗaure jirage. Na ji ta durƙusa tana ƙwaƙular yumɓu, na ji ta tofa yawu. Ta shafa mani a ido, tana addu'a cikin harshen garinsu wanda ba ta cika yi ba. Yumɓun yana da sanyi da warin kifi. Ta tsoma kaina a ruwa ta wanke.

"Ɗiyata, buɗe. Mi kika gani?"

Na buɗe. Na so in ce ga rana, ga ruwa, ga ki. Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kafin mu kai gida zan yi tuntuɓe.

"Ba komi, Inna."

Can ta ce, "Na sani. Hannun da yaɓ ɓata ba shi gyarawa."

Haushi ya kama ni. "Inna, ke ba ki ji harkon karatun ba? An ce ba laihin iyaye na ba!"

"Wancan da abinai anka haihe shi. Ke da idonki nih haihe ki."

Muka koma gida, ina jin ragowar yashi a gefen idona.

Shekaru suka wuce. Aka yi mani baftisma, na fara cin jibi, faranti ya ci gaba da wuce ta. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Tana tsoron mutuwa ƙwarai, domin ta tabbata za a sake yi mata tambayar ma'aikacin nan a lahira.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, mai wa'azi ya kawo mata jibi har ɗaki. Ya sake karanta mata labarin makahon, ya ce Ubangiji bai ɗora mata komai ba. Na ji ta juya wa bango fuska, tabarma ta yi ƙara.

Na karɓi burodin daga hannunsa. "Inna, in ba ki ci ba, ni ma na bar ci daga yau. Mu tahi da yunwarmu tare."

Sai ta ce a hankali, "Ke, kin yahe mani?"

Sau nawa na ce mata ba ta da laifi? Na faɗa da faɗa, na faɗa da wasa, ban taɓa sanin ƙofar neman gafara nake rufe mata ba. Har yau abin yana yi mani ciwo. Ban riƙe ta da komai ba, amma na ce, "Na yahe maki, Inna. Duniya da lahira."

Na lalubi fuskarta. Ta rame, kumatun a jiƙe. Yatsuna suka sami leɓenta, ta buɗe baki kamar jaririya, na sa mata burodin.