Dattijon da Ke Cikin Akwati

Shekarar da zan yi jarrabawar fita kwalej a Konni, babana ya gaya mini magana ɗaya kafin in bar garinmu Tajaye: in na ci, zan wuce Tawa karatu, in na faɗi, zan bi yayyena cin rani. Lissafi da Faransanci ba su ba ni tsoro ba. Ingilishi ne ya hana ni sakat, domin an ce za a karanta mana labari da baki, mu saurara, mu amsa tambayoyi a kai. Ni kuwa a takarda ina gane shi, amma da an furta sai ya bi ta kunnena ya wuce.

Malaminmu na Ingilishi baƙo ne daga wata ƙasa ta bakin teku, dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa. Mushe muke ce masa, kamar sauran malaman lakwal, wato makarantar boko. Wata safiya ya shigo rungume da akwati, ya aje bisa tebur ya buɗe. Faifai biyu ne a ciki, da wani siririn zare mai ruwan ƙasa ya haɗa su. Ya ce rikoda ce. Ya danna wani abu, faifan suka soma juyawa, sai ga muryar wani dattijon Bature ta cika ajin.

Rediyo mun san shi, akwai a shagon wani mai awo a kasuwa. Amma wannan dabam ne. Mushe ya tsayar da dattijon a tsakiyar magana, ya mayar da shi baya, ya sake sakinsa, kuma dattijon ya maimaita abin da ya faɗa ba ragi ba ƙari, har da ɗan tarin da ya yi. Ban taɓa ganin babban mutum da ake katsewa ya koma baya bai yi fushi ba.

To, mu ƴaƴan gida ne masu tarbiyya. A wurinmu in babba na magana, sunkuyar da kai ake yi a riƙa amsawa duk inda ya numfasa. Don haka da dattijon ya ɗan tsaya, ajin gaba ɗaya ya ce, “Na'am.” Ya ci gaba, muka ce, “To.” Wani ɗan Badaguishiri da ke bayana, wanda ko kalma ɗaya bai gane ba, har da “Haka ne, wallahi.” Muna gama amsawa dattijon ya riga ya yi nisa, rabin maganarsa ta nutse a cikin ladabinmu.

Mushe ya kashe rikodar ya tambaye mu ko mun haukace ne. Sai wata ƴar Tsarnawa da ba ta tsoron kowa ta miƙe.

“Mushe, tsoho na magana. Ƙaƙa za mu bar shi shi ɗai kamar wanda munka raina?”

Ya dube ta, ya dube mu, ya zauna bisa kujera yana dariya har da hawaye. Da ya gama ya ce kowa ya rufe bakinsa da hannu, kuma duk wanda ya ƙara amsawa zai share filin lakwal.

Ya sake kunnawa. Kunya ta kama ni sosai, ji nake kamar na juya wa kakana baya. Amma da shirun ya zauna, sai na fara jin abubuwan da ban san suna ciki ba. Na ji dattijon yana jan numfashi. Na ji ya juya takarda. Can bayansa ruwa na zuba a kan taga, mu kuwa muna tsakiyar bazara, gumi na bin wuyanmu. Wani ɗaki na wata ƙasa, da ruwan samansa, ya shigo ajinmu ya zauna. A cikin wannan mamakin ne kalmomin suka fara rabuwa da juna, na gane yana cewa ƙanwarsa ta makara, jirgi ya tashi ya bar ta. Na kusa yin kuka saboda ƙanwar wani Bature da ban sani ba.

Daga nan kullum sai na yi ta koyon yin shiru, abin da ya fi Ingilishin kansa wuya. Ranar jarrabawa ba rikoda aka kawo ba, wani malami ne mai furfura daga Yamai ya karanta mana da bakinsa. Na cije leɓe, na dafe tebur, ban ce masa uffan ba har ya gama. Na ci.

Da na koma Tajaye, na sami babana a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa na gaya masa. Ya aje hauyar ya soma yi mini nasiha a kan zaman Tawa: in riƙe salla, in guji abokan banza, kada in manta da uwata. Na sunkuyar da kai ina saurare da dukan kunnena, yadda aka koya mini. A ranar na ji abin da ban taɓa ji a muryarsa ba. Duk inda ya ambaci Tawa sai ta yi rawa, ya haɗiye yawu kafin ya ci gaba. Ashe mutumin nan ba ya son in tafi, kuma zai bar ni in tafi.

Sai ya tsaya. Ya dube ni.

“Ɗana, tun ɗazu nike magana ba ka amsa ba. Ko tun yanzu ka tahi?”