Kabarin da Ke Gindin Basilla

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da ƙanen mahaifina, da jaki ɗaya da bai ɓoye mana ƙin tafiyar ba. Saƙo ne ya fitar da mu. Wani falken kanwa ya ce wani tsohon alhaji ya dawo ƙauyensu gab da Birniwa, alhajin ya ce a gaya wa iyalin badukun Haɗeja cewa mai gidansu yana kwance a gindin basilla. Shekara tara ke nan da mahaifina ya tafi Makka a ƙasa, ko ɗuriyarsa ba mu ji ba. A gida kowa da fassararsa. Wasu suka ce ai yana raye, ɗinki ne ya riƙe shi. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa alhajin. Mahaifiyata kuwa abinci ya daina shigar mata.

Lokacin kaka ne, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Sau uku muka tuɓe muka ɗora kaya a ka. A mashigi na huɗu sai da mai fito, wuri ashirin kowane mutum, jaki kuwa ya yi iyo yana hararmu. Shinkafa ta nuna ko'ina, mata suna ta korar tsuntsaye da majajjawa har muryoyinsu sun dishe. A wata tungar masunta muka ci bandar tarwaɗa, arha kamar kyauta, amma sauron wurin ya karɓi cikon kuɗinsa da rana tsaka. Kwana na biyu ƙasa ta koma rairayi, gaisuwa ta fara gauraya da Barbarci.

Da hantsi muka iske tsohon a gindin tsamiya, idonsa ya kusa tafiya. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, ni ne babban ɗan badukun." Ya kama tafin hannuna yana shafa kantar da ke jiki.

"Ɗana, ubanka ya sauke farali, tare muka tsaya a Arfa," in ji shi. "A kan hanyar dawowa muka biyo ta Masar, ciwon ciki ya kama shi a wani ƙauye bayan babban birninsu. Kwana huɗu ya yi. Da hannuna na sa shi a rami."

Baffana ya juya baya yana salati. Ni kuwa, da na samu bakina, basillar na tambaya.

Ya ce a cikin gonakin ƙauyen akwai wani dutse guda ɗaya tal, sassaƙaƙƙe, mai fuska huɗu, ya fi giginya tsawo. Gindinsa da kauri, yana tafiya yana sirancewa har ya ƙare da tsini, jikinsa duk zanen tsuntsaye tun zamanin Fir'auna. Larabawa suna kiransa misalla, wato babbar allurar ɗinkin buhu da sirdin raƙumi. Wani attajirin Rum ya gaya musu su a harshensu tsinken gasa nama suke ce masa. Kowa dai da abin da ke ransa. Ranar da mahaifina ya ji sunan misalla, wai dariya ya yi har da hawaye, ya ce ashe basillar da yake riƙewa tun yana yaro Balarabiya ce, bakinmu ne ya tanƙwara sunan. Da ciwo ya yi tsanani sai ya roƙi a binne shi a maƙabartar da ake hango dutsen, don in wani nasa ya zo nema, ya sami alamar da ɗan baduku ba zai manta ba.

Tsohon ya ba mu haƙuri a kan gajartar saƙon, wai bai so mu ji mutuwa daga bakin ɗan kasuwa ba. Muka kwana ɗaya, matarsa ta ɗaure mana dambu.

Mun shigo Haɗeja da la'asar, kwana na biyar. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, ta yi kuka, sannan ta sa aka daka gumba don sadaka. Abin da na koya, labari mai ɗaci in cikakke ne ya fi rabin labari sauƙin haɗiya, kuma in magana ta shige maka duhu, taka ka je wurin wanda ya gani da idonsa. Washegari na shiga rumfar dukawa, na kakkaɓe buzun mahaifina na zauna a kai.