Wayar da Ya'u Ya Yanke

A Dutsi, duk gidan da ka ga ƙwan lantarki yana ci a zaurensa, da wuya in ba Ya'u mai wayarin ne ya ja masa wuta ba. Siririn mutum ne, marar yawan magana, kullum da testar gwada wuta a aljihun gaba. Shi ne ɗan ƙarshe a wurin Inna Kulu, shi ya sa har furfura ta fito masa ba ta daina ce masa Auta ba.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, a ita aka rufe iyakar Nijar a Kongolam, 'yarta Hadijatu da ke aure a Damagaram ta kasa zuwa. Ɗakin Inna kuwa can ƙuryar gida yake, ginin ƙasa mai kauri, ko kira ba ya shiga. Sabis sai a shagon Ya'u na ƙofar gida, inda ya kafa eriya a kan rufi.

Sai ya samo wasu 'yan akwatuna farare guda biyu. Ya jona ɗaya a soket ɗin shago, ɗaya a gefen gadon Inna. Intanet ya bi wayar wutar gidan, wadda shi ya ja da hannunsa tun yana saurayi, ya fito a ɗakinta. Da fuskar Hadijatu ta bayyana a wayar salula, Inna ta kai hannu tana shafa gilashin.

"Ke, wannan ramar fa? Mijin naki ba ya cefane ne?"

"Kai, Inna! Ke da ke kwance, ke ce mai yi wa wani faɗan rama?"

Tun daga ranar, duk la'asar ɗin da aka kawo wuta, sai Inna ta sa a ɗaura mata ɗankwalin fita unguwa.

Da aka raba gadon gidan da mahaifinsu ya bari, ɗakin Inna ya faɗa ɓangaren babban wansu, Zakiyyu. Ya tayar da katanga, ya ce kowa da mitarsa, kuma Ya'u ne zai raba wayar.

"Yaya, in na yanke, akwatin Inna ya mutu. Abin ba ya tsallake mita."

"To sai mu zauna a cakuɗe saboda akwati? Ko in kira wani ya yanke a gabanka?"

Ya'u bai taɓa musu da wansa ba. Ya hau tsani, ya sa filaya ya yanke. Sannan ya ba da saƙo Kano a sayo masa doguwar wayar intanet da zai ƙetarar ta kan katanga.

Da la'asar Inna ta sha ɗaurinta tana jira.

"Auta, ga fanka tana juyawa. Ina Hadijatu?"

"Tana tafe, Inna. Saƙo nake jira."

Ya riƙa ɗauko mata saƙon murya daga shago. Takan saurara, ta kawar da kai. "Muryar na ji. Idonta nake son gani."

Wayar ta iso ranar sadakar ukun Inna. Direba ya dire ta a ƙofar gida, tsakanin tabarmin masu ta'aziyya. Hadijatu ma a waya ta karɓi tata gaisuwar, don har lokacin ba a buɗe iyaka ba.

Ya'u yana nan yana aikinsa, har garin Babban Mutum ana kiransa. Amma in 'yan'uwa suka raba gida suka zo ya raba musu wuta, ba ya tambayar girman aikin. Tambaya ɗaya yake yi: "Akwai tsohuwa a ciki?" In suka ce akwai, sai ya mayar da testa aljihu, ya ce su nemi wani.