Yadda Na Goge Fuskar Kakan Baba Da Hannuna

A shekarun da abin ya faru ina da shagon kwafi da buga takardu a Makera, kuma ina ji da kaina sosai. Ban da sana'a, ina da wata jaraba ta tara tsofaffin kundayen hotuna, musamman waɗanda matafiya Turawa suka ɗauka tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Biyu kacal na mallaka masu irin wannan tsufa, sauran tarkace ne da 'yan gwangwan ke kawo mini, amma a unguwa har Malam mai tarihi ake ce da ni, ni kuwa ina amsawa.

Wannan suna ne ya kawo mini wani dattijo ɗan Binuwai da nake kira Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa da ke zaune a unguwar Kamazou. Ya kwance wani kundi daga cikin zani, ya ce kakansa matuƙin kwalekwale ne, shi ya yi yawo da wani Bature a kogi, da za su rabu Baturen ya bar masa wannan. A shafi na tara akwai kakan, tsaye da sandar tuƙi, kuma duk duniya babu wani hotonsa sai shi. Baba ya roƙe ni in ɗinke bangon kawai, don jikokinsa za su taru a Kirsimeti, yana so su ga wanda suka fito daga jikinsa. Har sau biyu ya ce bango kawai.

To, mu nan kowace takarda mai daraja leda muke manna mata da injin zafi, daga takardar haihuwa har ta makaranta. Sai na ce bari in yi wa Baba alherin da bai nema ba. Na ɓanɓaro hoton na tura a injin. Da ya fito, ledar ta yi ƙuraje daidai kan fuskar. Maimakon in tsaya, sai na sa reza na ɗaga ledar, fuskar ta biyo ta kamar fatar madara. Abin da ya fi cin raina har gobe, injin kwafi yana nan gefen gwiwata, waya tana aljihuna, ban ɗauki hoton ba kafin in taɓa shi.

Da Baba ya zo, na faɗa masa gaskiya. Na zaci zai tara mini jama'a. Ya daɗe yana ɗaga ledar a hasken ƙofa, sannan ya ce ya san ba mugunta ba ce, kuma shi fuskar tana cikin kansa, yaran yake jin tausayi. Ya naɗe kundinsa, har da yi mini sai an jima. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koyi cewa son abu daban, sanin yadda ake riƙe shi daban. Duk wanda aka ba shi amanar tsohon hoto, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya fara ɗaukarsa a waya, kada ya bari zafi ko gam su kusance shi. Baba ya rasu bara. Yanzu ban san wani mai rai da zai iya tuna fuskar wannan matuƙin ba sai ni da na goge ta.