Zabon da Aka Kora

A garinmu, kusa da Buza, ba a tatsuniya sai bayan an ɗaure jakai. Ubanmu madugu ne. Gida goma sha biyu ke bin sa da jakansu, su kai tabarmi da albasa kasuwannin kudu, su komo da goro da atamfa. In ayari ya tafi, gida sai mata da yara. Da an ci tuwon magariba Kaka Aisa, uwar ubanmu, za ta tura karan dawa cikin murhu ta zauna. Ni da ƙanena Illa mu raɓa jikinta. Ni tana kirana angonta mai ƙaton kai. Illa kuwa ba ta ce masa komai, shafa masa ƙeya kawai take.

Tatsuniya ɗaya ce ta zauna mini a rai. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tahe, wanda ya yi barci shi ya sani."

Wai a da zabbi suna da gashi a kai, baƙi wuluk. Suna da shugaba, kowace yamma shi ke gaba, su bi shi a jere zuwa ƙorama ɗaya. Wata shekara ruwan ya fara ja da baya. Wani ƙaramin zabo ya hau gawo, ya hango tafki bayan dutse. Ya sauko da gudu ya faɗa. Shugaba ya ce zabo ba ya shan ruwan da kakansa bai sha ba. Ƙaramin ya sake faɗa. Sai aka taru aka yi ta saran kansa har gashin ya ƙare, aka kore shi.

Nan muke fashewa da dariya. Illa ne mai tambaya. "Kaka, sauran fa?"

"Kai dai! Ka taɓa ganin zabo mai gashi? Duk waɗanga da kake gani jikokin korarren ne. Ku tashi, wuta ta mutu."

Ni sanƙon kawai na riƙe. Washegari na bi zabbin maƙwabta da jifa ina musu waƙa.

Kaka ta rasu. Ubanmu ya bi ta ba da jimawa ba, aka ɗora ni a kan ayari ina da ƙuruciyata. Dokarmu tsohuwa ce. Ana tafiya da saurin jakin da ya fi rauni. Ba wanda zai kwance kaya sai na ƙarshe ya iso zango. Madugu ke yanka farashi, kowa ya bi. Da ita gurgu da mai ƙarfi suka ci abinci tare tun kafin a haife ni. Ban ga abin gyara ba.

Sai kamiyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa. Abin da muke yi kwana shida, shi yini guda. Mu iso kasuwa an riga an cika ta, albasarmu ta fara laushi, dillalan da suka san ubanmu suna kau da kai. Ranar da muka komo da rabin kayanmu, na tara mutane ƙarƙashin rumfa. Illa ya miƙe.

"Yaya, mu sai da rabin jakan. Mu haɗa kayan gida goma sha biyu mu kama kamiyo guda. Kai dai kake yanka farashi, ba mai kwance kaya kafin wani. Hanyar kaɗai za ta sake."

Wani tsoho ya yi dariya ya ce, "To madugu a ina zai zauna, bisa buhu?" Aka kwashe. Kunya ta kama ni, ta koma fushi.

Na ce, "Wanda ke son ƙarfe ya bi ƙarfe. Kwance jakinka daga cikin namu."

"Yaya, gaban mutane?"

"Gabansu."

Ya kwance. Ya sayar da jakin, ya shiga aparanti, wato yaron mota, a wata kamiyo.

Shekarar da ruwa ya ƙi, jakai suka fara faɗuwa a kan hanya. Mutanena ba su yi mini gardama ba. Ɗaya bayan ɗaya dai sai in ga kayansu a bayan kamiyo, kowa shi kaɗai, mai mota ya yanka masa abin da ya ga dama. Masu rauni, waɗanda dokarmu ke ɗauke da su, su ne suka fara rasa abin ci. Illa ya zama mai tuƙi. Ya aiko a gaya mini akwai wuri a motarsa, in tattaro wanda ya rage. Na ce a gaya masa ban da ƙane mai mota. Daga nan ya wuce Abijan. Bayan damina uku wani ɗan garinmu ya kawo mana jakar tufafinsa. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kwana huɗu.

Ban yi boko ba, ban san yadda manya ke tafiyar da kamfani ba. Abin da na sani, dokar ba ta da laifi. Illa ya so ya ɗauke ta ya sa a mota, ni na ɗaure ta a wuyan jaki ta mutu tare da shi.

Kaka ta gaya mana inda korarren ya ƙare. Ba ta taɓa cewa komai kan shugaban ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni zan iya faɗa. Bai mutu da ƙishi ba. Yana nan bakin kasuwar Buza, yana gadin buhunan wasu har mota ta zo.