Ranar da Muka Hana Kantu Narkewa

Ranar wata Asabar, a farkon daminar shekarar da aka jawo wutar lantarki zuwa layinmu na Gidan Dare, tun da la'asar Kaka Dije ta buɗe adakarta ta fito da zanen saƙin da ba ta ɗaurawa sai ranar suna ko Sallah. Ta rangaɗa kwalli, ta turara jikinta, ta ce in ɗauko mata kujerarta ta tsugunno. Ina aji biyar a firamare lokacin, kuma ni ce 'yar rakiyarta duk inda za ta. Innarmu ta leƙo daga madafi, muciya a hannu, ta tambaye ta ina zuwa haka kamar mai zuwa biki. Kaka ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Kantu za ni gani. Da tsumma kika son in tarbe shi?" Ba za a fara wasan ba sai bayan magariba, amma muka tafi gidan Alhaji Mu'azu mai hatsi rana tana sama, muka zauna gaban talabijin ɗin da ba a ko yaye masa mayafi ba tukuna.

Kantu ba mutum ba ne, wani ƙato ne a cikin littafi. Yayana Bello ya zo da littafin daga makaranta, a shekarun nan da gwamnatin soja ke rabon littattafai kyauta, kuɗin fetur sun shigo gari, kowa na sayen rediyo da babur yana sauya rufin ɗaki da kwano. Labarin wata yarinya ne mai suna Ladiyo, wadda wani maye ya sace ɗanɗanon abincin garinsu ya kulle a cikin tulu, ya kai bayan duwatsu ya ɓoye, tuwo da miya da zuma duk suka koma salam a bakin mutane. A hanyarta ta neman tulun ta gamu da Kantu, ƙato wanda jikinsa duk gishiri ne, irin dunƙulen da ake kawowa daga Azbin. Yana iya tumɓuke kuka da hannu ɗaya, amma da ya hangi hadari sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Kullum na gama tallar gyaɗa da wanke-wanke, sai in zauna a gindin dogonyaron tsakar gidanmu ina karantawa, Kaka na kaɗi da mazarinta, Inna na tsince shinkafa, yaran maƙwabta sun yi tsit. Matsala ɗaya ce. Bello ya taɓa barin littafin a kan turmi ya tafi ƙwallo, jar akuyar Kaka ta cinye shafukan ƙarshe tas. Labarinmu ya tsaya daidai inda Ladiyo da Kantu suka dawo bakin gari da tulu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Tun da akuya ta raba mu da ƙarshen mai littafi, kowa ya ƙera nasa. Bello ya ba Kantu bindiga da motar soja, ya ce da harsashi zai tarwatsa hadarin. Tumba, ɗiyar kawuna, wadda ba ta da zance sai na biki, ta aurar masa da wata mata ta mazarƙwaila, suka haifi 'ya'ya masu zaƙi da gishiri-gishiri. Ni ban damu da Kantu sosai ba, Ladiyo nake yi wa hidima, har na mai da ita matuƙiyar jirgin Makka. Mukan yi musu a kan waɗannan abubuwa a hanyar makaranta da wajen ɗiban ruwa a famfo, har ta kai ga gaba, kwana da kwanaki ba na yi wa Tumba magana saboda ta ce Ladiyo ba ta da kyau. Amma ƙarshen da ya fi karɓuwa na Kaka ne. A nata, hadari na tasowa sai Ladiyo ta rufe Kantu da ƙirgi, wato busasshiyar fatar sa, kamar yadda fatake ke rufe kayansu. Ruwa ya ɗauke, Kantu ya kankare ɗan farcensa ya ba garin, ya koma gida wurin iyalinsa lafiya lau.

Sai da na ƙara wayo na gane dalilin da Kaka ta riƙe Kantu da hannu biyu. Kakanmu Malam Garba falke ne, gishiri yake ɗaukowa daga arewa a kan jakuna. Kaka ta ce dogo ne kakkaura, ba shi da yawan magana, ba ya tsoron ɗan fashi ko kura, amma in ya ji ƙamshin ruwan sama ko abinci ba ya iya ci. A tafiyarsa ta ƙarshe ciwo ya kama shi a hanya, abokan tafiya suka binne shi a wani daji da ba wanda ya iya kwatanta mata. Jakuna suka iso gida da kaya, shi bai iso ba. Daga cikin kayan nan ta ajiye guntun gishiri kamar tafin hannu, ta ƙulle a tsumma ta rataye a ɗakinta kusa da ƙirginsa, ko rowar gishiri ake yi a gari ba ta taɓa shi. Duk lokacin da na karanta inda Kantu ke ɗaga kai yana duban sama, sai ta dakatar da mazari ta ce, "Hakanan yaka yi. Wallahi shi na."

To, ga mu a gidan Alhaji Mu'azu. Kafin magariba tsakar gidan ya cika maƙil da mata da yara, maza sun yi cirko-cirko a bakin zaure, 'yan samari sun ɗare katanga. Aka fara da labarai, wani soja yana yanka zare a bakin sabuwar gada, ba wanda ya kula shi. Da Ladiyo ta fito Tumba ta daka mini gwiwar hannu, don kuwa babbar mace ce mai jan baki, ba yarinya ba. Na haɗiye wannan. Da Kantu ya fito kuwa sai gidan ya kaure da dariya. Wani siririn mutum ne aka shafe da farar ƙasa, aka ɗora shi a kan wani abu don ya yi tsawo, yana magana da 'yar murya kamar mai mura. Bello ya rantse ya sha ganinsa yana cinikin tsire a bakin kasuwa. Kaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta dube shi sama da ƙasa, ta dawo ta zauna. "Wanga ko buhun dussa ba shi ɗauka," in ji ta. Duk da haka wasan ya ja mu, don mutumin ya iya tsoron hadari ƙwarai, har Kaka ta fara gyaɗa kai.

Daga nan muka ga abin da akuya ta ɓoye mana. Aka buɗe tulu a tsakiyar gari, ashe babu komai a ciki. Kantu ya dubi Ladiyo, ya taka ya tsaya a bakin rijiyar garin, ya buɗe hannuwa, ruwa ya sauko. Farar ƙasa ta riƙa zuba daga jikin mutumin, sannan aka nuna wurin wayam, mutanen gari suna ɗanɗana ruwan rijiya suna guɗa, gishirinsa ya dawo musu da ɗanɗano. A gidan Alhaji ba wanda ya yi guɗa. Wata mata ta yi salati, wani daga kan katanga ya yi ihu, "Ku ruhe shi mana!" Kaka ta tashi ta bar mini kujera, muka dawo gida ina jin ƙarar takalminta kawai. Washegari na ɗauko littafin kamar kullum ta ce in mayar. Ta daina kaɗi a gindin dogonyaro, ta koma ɗaki. Na ji ciwon abin nan sosai, na kuma ji haushin talabijin da mai littafi da siririn mutumin gaba ɗaya, don ni a ganina sun sake kashe mata miji a daji.

Azumi ya kama a tsakiyar damina a shekarar. Da lokacin tashe ya matso, wato wasan da yara ke bi gida-gida suna yi bayan shan ruwa, Bello ya ce bana ba za mu yi irin na kowa ba, Kantu za mu yi, kuma da ƙarshen Kaka. Shi ne Kantu, don dama ƙato ne, ni ce Ladiyo, Tumba da sauran yara su ne mutanen gari da masu amshi. Muka yi shawara cewa farar ƙasa aikin 'yan talabijin ne, mu da gishirin gaske za mu yi. Muka jiƙa ƙaro muka shafe tsohuwar rigar Baba da wata ƙwarya da muka huda wa idanu, muka barbaɗe su da gishirin Inna, muka shanya. Ranar gwaji Bello na fitowa yana tafiyar ƙasaita sai jar akuya ta bi shi tana lasar ƙafar rigar, 'ya'yanta suka rufa mata baya. Kantu ya zura da gudu yana zagaya rumbu yana kiran Inna. Dariyar da ta fito da Kaka daga ɗaki ke nan, tana riƙe da ciki. Da ta ji abin da muke shiryawa sai ta koma ta kwanto guntun gishirin Malam Garba, ta ɗinke shi da kanta a ƙirjin rigar, ta miƙo ƙirgin. "Ga zucciyatai nan," ta ce wa Bello. "In kun ga hadari, ku ruhe shi. Kak ku bari ɗigo guda ya taɓa min shi."

Tashenmu ya yi farin jini fiye da yadda muka zata. Duk gidan da muka shiga sai an ce mu maimaita wurin da nake jefa wa Kantu ƙirgi ya miƙe yana rawa, matan gida su yi ta shewa suna zuba mana gero da dabino. Sai dai ƙirgin nan da nauyi, ga wari, kullum faɗa ake yi a kan wanda zai ɗauka. Wata rana Bello ya dubi sama ya ga taurari garau, ya ce a bar shi a zaure, tsohon zane ma ya isa wasa. Muna ƙofar gidan Alhaji Mu'azu, maza sun idar da asham sun kewaye mu, na buɗe tulu ke nan na nuna babu komai, sai wata iska mai sanyi ta kaɗa, aka yi walƙiya. Kafin mu ankara yayyafi ya fara. Bello ya daskare, ya dafe ƙirji da hannu biyu, ƙwaryar kansa ta karkace ta rufe masa ido, ko hanyar zaure ba ya gani. Na fashe da kuka ina cewa Kantu zai narke.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya da ƙwalla. Mutanen nan duk sun ga Kantu ya narke a talabijin, kuma ashe kowa na riƙe da abin a ransa. Wani dattijo ya yafa masa buzun sallarsa, mai shayi ya kifa masa tire a ka, Alhaji Mu'azu da kansa ya fito da lema yana tuntuɓe da babbar riga yana cewa, "Ba dai ƙohwar gidana ba!" Mata suka riƙa miƙo faifai da tabarmi ta kan katanga. Ana cikin haka sai ga Kaka ta ɓullo daga lungu da gudu, ƙirgi a ka, tsohuwar da ba ta tashi daga kujera sai ta yi nishi. Ta ratsa maza ba ko sallama, ta lulluɓe Bello, aka tallabe shi kamar amarya aka shigar da shi zaure, ruwa ya kece a bayanmu. Ta zura hannu ƙarƙashin ƙirgin ta lalubo ƙirjin rigar. Ta ɗago ta ce, "Shina nan. Busasshe." Zauren ya ɗauki kabbara da tafi, Bello kuwa daga ƙarƙashin tarin kaya yake roƙon a bar shi ya sha iska.

Ranar Sallah da safe Kaka ta kira ni madafi. Ta farke ɗinkin da hannunta, ta riƙe guntun gishirin ta daɗe tana dubansa, sannan ta yi bisimilla ta saka shi a tukunyar miyar Sallah. Na riƙe mata hannu ina cewa ai zai narke. Ta yi murmushi ta ce, "In za shi narkewa, shi narke gida, gaban idona, ɗiyanai su ci. Ba daji ba." Aka raba miyar nan har gidan Alhaji da mai shayi, ita ma ta ci ta suɗe hannu. Da yamma ta fito da mazarinta gindin dogonyaro ta ce in ɗauko littafi mu fara daga farko.

Yanzu gidan talabijin yana cikin aljihun kowa. Jikata Nana takan zauna da waya tana faɗa da mutanen da ba ta taɓa gani ba, wai wanda aka sa a fim bai yi kama da na littafi ba, ita da ƙawayenta kuma suna rubuta wa jaruman da suke so sabon ƙarshe. Takan ce ba zan gane ba, ni kuwa sai in ƙyale ta. An sare dogonyaron an yi shago a wurin, ƙirgin ya ɓace a wani tashin gida, Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma mun san inda kabarinta yake. Abin da nake kewa shi ne unguwa guda ta fito cikin ruwa saboda ƙaton da babu shi. Har yau in ina girki na ji ƙamshin hadari, sai na tashi na rufe gishiri kafin in kwashe shanya.